Abin da Kujera Ta Cinye Mini

Jalingo.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, ina kuma roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka ka riga ka sauka Kaduna lafiya. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin baƙon wuri, da sharrin abokin da ba don Allah yake tare da kai ba. Amin.

Na san za ka yi mamakin ganinta a cikin jakarka. Ni na roƙi Goggonka ta cusa ta tsakanin rigunanka lokacin da take shirya maka kaya. Tun da ka gama bautar ƙasa ka dawo, wata takwas muna gida ɗaya, amma maganarmu ba ta wuce ina kwana da an dawo lafiya. Ba na ɗora maka laifin wannan, ni na koya maka. Mutumin da ya saba tsayawa gaban taro da lasifika a hannu, ga shi ya kasa buɗe baki gaban ɗansa. Shi ya sa na ɗauki biro. Tunda aikin banki za ka fara, hanyar da ni ma na fara da ita, ina ganin hakkinka ne ka san ramukan da na faɗa.

Bari in fara da kakanka, wanda ka ci sunansa. Ba ka san shi sosai ba, kana ƙarami ya rasu. Manomi ne a Sunkani, yana da 'yan shanu da ba su kai a kira su garke ba, kuma biyu daga ciki ya sayar ya tura ni sakandare a Yola. Da na gama na sami aikin akawu a wani banki a can Yola, wata uku da farawa sai ga shi ya zo ganina. Ya shigo har cikin ɗakin da ake layi, da malfarsa da sandarsa, da ƙwaryar man shanu a hannu, da zabbi biyu a ɗaure a ƙafa. Ya hango ni bayan gilashi sai ya ɗaga murya ya kira sunana, ya fara gaisuwa da Fulatanci kamar muna bakin rijiya. Zabbin suka kama kuka, mutane suka kama dariya. Wanda ke zaune kusa da ni ya tambaye ni wane ne wannan. Na ce masa wani mutumin ƙauyenmu ne.

Kakanka ba ya jin Hausa sosai, amma ya ji wannan. Na sa masinja ya fita da shi, ya zauna ƙarƙashin dogon yaro a bakin titi har aka tashi aiki. Da na fito ya miƙa mini ƙwaryar da zabbin, ya tambayi lafiyata, ya sa mini albarka, washegari ya koma. Bai taɓa tayar da maganar ba. Shekaru bayan haka, da aka dawo da ni nan Jalingo a matsayin manaja, na tura direba Sunkani ya ɗauko shi ya zo ya ga ofishina. Direban ya dawo shi kaɗai. Ya ce tsoho ya ce a gaishe ni, a kuma bar shi, mutumin ƙauye bai saba da irin wuraren nan ba. Shekara goma sha biyar maganar tana zaune a ransa, ni kuwa ina zaton ta wuce.

Abba, a wurin da za ka, za a koya maka ɗaura nakatai da yadda ake magana da masu kuɗi. Ka koya, aikinka ne. Amma duk ranar da wani naka ya shigo da ƙafa mai ƙura, ka taso daga kujerarka ka fito ka kama hannunsa a gaban kowa, ka faɗi abin da yake a wurinka. Waɗanda na ji kunyarsu a ranar nan, wallahi yau ko sunan ɗaya ban tuna ba.

Ka san Malam Bulus na Kona, wanda kake kira Baba Bulus kana yaro. Tare muka yi sakandare, gado ɗaya sama da ƙasa. Idan azumi ya zo, shi Kirista, shi yake tashina sahur, ya kuma ɓoye mini rabon abincina na rana har a sha ruwa. Ya zama malamin firamare, ni na zama manaja. Duk Asabar yakan zo gidanmu a kan kekensa, wani lokaci da doya biyu a baya, mu zauna a baranda mu yi ta hirar banza muna dariya. A duk garin nan shi kaɗai ne ya ci gaba da kirana Umaru.

Kujerar manaja tana da wata cuta da ba a gaya mini ba. Idan kullum mutum goma suka shigo wurinka, tara da buƙata suka zo, sannu a hankali sai idonka ya daina ganin fuska, sai buƙatar kawai. Mutum na gaishe ka kana lissafin inda gaisuwar za ta ƙare. Na kamu da wannan cuta har na fara kawo ta gida. Wata Talata Bulus ya zo ofis, abin da bai saba ba, sanye da rigarsa ta zuwa coci. Ya zauna yana ta murmushi yana juya hularsa a hannu. Ban bari ya gama gaisuwa ba na ce masa, in dai rance ne, ya sani banki ba ya bayarwa sai da jingina, kuma albashin malamin firamare ba zai ɗauka ba.

Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da kati ya ajiye a kan tebur. Katin auren 'yarsa ta fari ne, Rahila, ya rubuta sunana da hannunsa a cikin iyayen amarya. Ya ce, "Umaru, ba banki na zo ba. Wurinka na zo." Ya sa hularsa ya fita.

Kunya ta hana ni zuwa bikin. Na aika da ambulan mai kauri, aka dawo mini da shi ba a buɗe ba. Da na je Kona a makon nan na ce Bulus ka yi haƙuri, da magana ta ƙare, domin na san zuciyarsa. Amma na ce bari ya huce tukuna, daga nan na ce ai shi ma ya cika fushi, daga nan shekara ta zagayo. Don haka ina gaya maka abu biyu. Ka bar mutum ya gama maganarsa kafin ka yanke abin da ya kawo shi. Kuma idan ka yi wa wani laifi, ka je da ƙafarka tun abin yana da zafi. Haƙurin da aka jinkirta kullum ƙara nauyi yake, har ya kai ba ka iya ɗaga shi.

Ka tuna lokacin da aka ba mu jiha, Jalingo ta zama babban birni. Kana sakandare a lokacin. Ma'aikata suka kwararo daga Yola da iyalansu da katifu a kan manyan motoci, garin ba shi da ɗakunan da za su ɗauke su, wasu a shaguna suke kwana, wasu a ajujuwan makaranta. Ruwa ya yi wuya, haya ta tashi. A cikin wannan hayaniya wasu mutanen jam'iyya suka zo gidanmu, mota uku. Suka ce garin ya girma, yana son ciyaman wanda ya san kuɗi, wanda bai taɓa cin na kowa ba, kuma duk sun duba ba su ga kowa ba sai ni. Sau huɗu suna zuwa. Ban taɓa jin ana yabona haka ba, kuma gaskiya ya yi mini daɗi.

Mahaifiyarka, Allah Ya jiƙanta, tana tankaɗen garin masara na gaya mata. Ba ta ɗago ba ta ce, "Aikin kake so, ko so kake a ce ana sonka?" Na ji haushi, na ce mata ba ta san siyasa ba. Ta ce haka ne, amma ta san ni. Na ajiye aikin banki bayan shekara ashirin da biyu, na tsaya takara, na kuma ci.

Ba zan ce ban yi komai ba. An haƙa rijiyoyin burtsatse a unguwannin da mata ke tafiya har rafi, an yi kwalbatoci, an rufa wa ajujuwa kwano. Ban ɗauki abin da ba nawa ba, kai shaida ne, gidan da muke ciki shi ne wanda na gina ina banki. Amma na shiga ofishin da tunanin cewa gari ma kamar reshen banki ne, in takarda ta yi daidai to komai ya yi daidai. Ban cika fita ba. Ina zaune ana kawo mini fayil, ina dubawa, ina sa hannu.

Wata rana aka kawo mini zanen faɗaɗa hanyar da ta bi ta gefen kasuwa. Aka ce rumfunan da ke bakin hanyar ba bisa ƙa'ida suke ba, kuma akwai manyan baƙi da ke tafe, bai kamata su ga garin haka ba. A kan takarda rumfunan wasu ƙananan akwatuna ne da aka zana da jan biro. Na tambaya ko an tanadar musu wani wuri, aka ce an tanada. Ban je na gani ba. Na sa hannu ranar Laraba, ranar Juma'a da safe katafila ta bi ta kansu. Wurin da aka ce an tanada fili ne mai ciyawa a bayan gari, ba inuwa, ba ruwa, ba mai saye.

Ranar Litinin wata mata ta zo sakatariya. Mama Ladi ake ce mata, 'yar ƙabilar Mumuye ce, doya take sayarwa, gwauruwa mai 'ya'ya biyar. 'Yan sanda suka hana ta shiga, sai ta tsaya a bakin ƙofa cikin rana tun safe har na fito zan shiga mota. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Ta ce da irin Hausarta, "Ciyaman, kai ya zo rumfana neman ƙuri'a. Ka zauna a bencina, ka sha ruwana. Ka manta wurin?" Na tuna. Na tuna har kofin roban da ta ba ni ruwan a ciki. Sai na sa hannu a aljihu. Ta girgiza kai ta ce ba bara ta zo ba, ta zo ne ta ga ko ni ne na aika ko wani ne ya yi da sunana. Na ce ni ne. Ta ce to, ta juya.

Daga baya na yi ƙoƙari aka gina musu rumfuna, amma kafin a gama damina ta wuce, jarin da yawansu ya narke. Na sa an nemi Mama Ladi, aka ce ta kwashe yaranta ta koma ƙauye. Har yau in na ga mace da tiren doya sai na duba fuskarta. Abba, za a riƙa kawo maka takardu, kuma a bayan kowace akwai mutum da tukunyarsa a kan wuta. Abin da ƙafarka ba ta je ba, idonka bai gani ba, kada hannunka ya yi saurin sa masa hannu. Wanda ya ce maka an riga an duba, tambaye shi wa ya duba, yaushe.

Yadda abin ya ƙare ka sani. Sojoji suka karɓi mulki, a rediyo na ji an rushe mu, kamar yadda mai shayi ya ji. Kafin azahar an zo an karɓi mota, ɗan sandan da ke ƙofa ya ɗauki jakarsa ya tafi ko sallama babu. Bencuna huɗun nan da ke ƙofar gida, waɗanda tun asuba ake cika su, suka zauna babu kowa. Mako guda ina sa a share wurin a shimfiɗa tabarma, ina cewa mutane na jin tsoro ne, za su dawo. Wanda ya fi kowa kirana ranka ya daɗe, na haɗu da shi a gidan mai, ya duƙa yana duba tayar motarsa har na wuce. Ban riƙe su a zuciya ba. Kujera suka zo gaisarwa, kuma kujerar tana nan, wani ne a kai. Ni ne na yi wautar zaton ni ake nufi.

Wata biyu bayan haka na hau acaɓa na tafi Kona. Na sami Bulus a gindin mangwaro yana gyara keken nan dai. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Umaru, ka rame." Ya shiga ya kawo mini buta da tabarma, don ya ga la'asar ta yi. Da na idar na fara ba shi haƙuri, ya ce ya daɗe da yafewa, jira kawai yake in zo in karɓa. A ranar na ji cewa ya zo ta'aziyyar mahaifiyarka kwana uku a jere, yana zama a bayan taro, ni kuwa na miƙa masa hannu a cikin layi ban ko ɗago na ga wane ne ba. Mun shirya, amma shekara tara da na zubar ba su dawo ba. Bara ya yi ritaya ya koma Wukari wurin Rahila, saboda idonsa. Yanzu Asabar tana zuwa ta wuce kamar kowace rana.

Na tsallake abu ɗaya da gangan, domin shi ne wanda ya fi mini nauyi. Maganar ranar da mahaifiyarka ta rasu ce.

Ta yi watanni tana kukan ciwon kai. Nakan ce ta sha magani, in ce direba ya kai ta asibiti, ban taɓa kai ta da kaina na zauna na ji abin da likita zai ce ba. Ranar nan ina garin Mutum Biyu wurin wani taron gidauniya, an gayyaci ciyamomi da manyan mutane. Kai kana gida, an rufe jami'a. Da ta faɗi ka kai ta asibiti, ka tura Danladi direba da ƙaramar motar gida ya kira ni. Da na iso bayan la'asar na same ka zaune a dakalin asibiti, an riga an lulluɓe gawarta. Ka tambaye ni me ya tsayar da ni. Na ce maka Danladi bai same ni da wuri ba, taron ya cika, sai da ya yi ta nema.

Ƙarya na yi maka, Abba. Danladi ya same ni tun kafin azahar. Ya ratsa har inda nake zaune ya miƙa mini takardarka. Ga abin da ka rubuta, ban manta ko harafi ba: "Baba, Dada ba ta magana. Muna asibiti. Ka zo yanzu." Na karanta. Saura mutum biyu a kira ni in yi jawabi, babban baƙo yana zaune kusa da ni, na ga tashi a lokacin zai zama abin magana. Na ce a raina ai suma ce, za ta farfaɗo, rabin awa ba za ta canja komai ba. Na ninke takardar na sa a aljihu. Rabin awa ta zama awa biyu. Na yi jawabina, aka tafa mini. Likita ya gaya mini daga baya cewa ta buɗe ido sau ɗaya wajen ƙarfe biyu, ta duba ɗakin. Da na taso lokacin da takardarka ta zo, da ina wurin.

Danladi bai taɓa faɗa wa kowa ba, har ya bar aiki yana ɗauke da laifin da ba nasa ba, kuma na ga yadda ka daina amsa gaisuwarsa. Yana nan a tashar mota yana lodi. In ka zo hutu ka neme shi ka gaishe shi, shi ba shi da laifi.

A kan wannan ba ni da wata nasiha mai tsawo, don ban isa ba. Abin da zan ce kawai, ranar da aka ce maka naka ba lafiya, ka tashi. Ko gaban wa kake, ka tashi. Taro ba ya rasa mai jawabi.

Shekara biyar ina kallonka kana shiga kana fita, ina so in faɗa, ina jin tsoron in na faɗa zan rasa ɗan abin da ya rage tsakaninmu. Yanzu da za ka tafi na ga in na bari ka tafi da ƙaryar, to ba ni za ka riƙa tunawa ba, wani mutum ne da na ƙirƙira maka. Ina roƙonka gafara. Ba na cewa lallai ka yafe yau. Kana da hakkin ka yi fushi, kuma in fushin ya ɗauke ka lokaci, zan jira. Ita ma kullum ina roƙa mata rahama, ina roƙon Allah Ya sa ta yafe mini.

Kada ka damu da zamana. Goggonka za ta riƙa aiko da abinci, ina zuwa gona a Sunkani sau biyu a mako, masallaci kuma ga shi a ƙofa. Gidan ya yi mini girma, gaskiya ne, na rufe ɗakuna uku don ba na son jin ƙarar takuna a cikinsu. Amma kada tausayi ya sa ka bar aikinka ka dawo. Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka ci abinci sosai, na san halinka in aiki ya yi yawa. Ka nemi aboki ko ɗaya ne wanda zai iya ce maka ka yi kuskure, in ka same shi ka riƙe shi da hannu biyu, ko wane addini yake bi, ko wane yare yake ji. Idan lokacin aure ya yi, ka nemi wadda ba ta jin tsoron gaya maka gaskiya, kuma in ta faɗa ka saurara.

In ka ga za ka iya rubutowa, ko layi biyu ne, akwatinmu na gidan waya yana nan yadda ka san shi. Ina zuwa dubawa Litinin da Alhamis.

Allah Ya yi maka albarka. Ya tsare gabanka da bayanka, Ya ba ka abincinka ta hanyar halal, Ya haɗa ka da shugabanni masu tausayi, Ya raba ka da girman da zai raba ka da mutanenka. Allah Ya jiƙan mahaifiyarka da kakanka, Ya sa mu sake ganin juna da alheri. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Umaru.